Kashi Ɗari Biyu na Malam Danni-Ɗaya

Da cika baki sana'a ce, da tuni Malam Danni-Ɗaya ya gina bene. Malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare mai aji tara da ke bayan tashar mota, amma an daɗe da manta sunansa na yanka. Duk abin da ya lalace a makarantar, daga wayar wani har agogon bango, sai ya miƙa hannu ya ce, “Kawo nan, danni ɗaya ne.” Agogon ɗakin malamai tun ranar da ya danna shi yake nuna ƙarfe huɗu da kwata, yau shekara biyu ke nan. Shi kuwa ya ce agogon ne ɗan jabu.

Abin da ya tsone masa ido a makarantar shi ne ofishin jarrabawa. Ɗan ɗaki ne kusa da na Shugabar makarantar, amma a nan ne kaɗai fanka ke juyawa, ga kujera mai jujjuyawa, ga labule, ga ƙofa mai makulli. Mai ofishin wata dattijuwa ce, malamar lissafi, da ake ce wa Malama Jan-Biro. Shekara ashirin da shida tana haɗa sakamakon yara da hannu a wani ƙaton littafi mai baƙin bango, ba a taɓa kama ta da kuskuren maki ɗaya ba. Duk sanda Danni-Ɗaya ya wuce ta ƙofar ya ji iskar fankan nan ta taɓa masa ƙeya, sai ya ji kamar haƙƙinsa ake ci.

Ran nan, wata Juma'a, Shugaba ta tara malamai. Mace ce da ba ta maimaita magana, in ta zare gilashi kowa ya san ta kai maƙura.

Ta ce, “Hukumar makaranta ta sayo manhajar haɗa sakamako. Daga wannan zangon ba a son jimillar maki, kashi cikin ɗari ake so, da harafi, A zuwa F. Mutumin kamfani ya sa mana ita a kwamfuta, ya zuba sunayen yara da lambobin wayar iyayensu, amma ba zai samu dawowa ya koya mana ba sai nan da mako biyu. Ga shi Juma'a mai zuwa za mu tara iyaye mu ba da kyaututtuka. Malama kuma ƙarshen shekarar nan za ta ajiye aiki, dole wani ya gaji ofishin.”

Ba ta rufe baki ba Danni-Ɗaya ya miƙe har kujerarsa na faɗuwa.

“Ranki ya daɗe, wane mutumin kamfani kuma? Ai irin su mu muke koya musu. Wannan danni ɗaya ne.”

Malamin zane, wani siriri mai gemu da ba ya raga masa, ya ɗaga kai ya dubi bango. “Ranki ya daɗe, kafin a yanke hukunci a duba agogo.”

Aka bushe da dariya. Shugaba ba ta yi ba. Ta dubi Danni-Ɗaya ta saman gilashi ta ce, “Ka iya?”

“Ko a barci.”

“To, na ji. In sakamako ya fito ranar Juma'a ba gyara, makullin ofishin naka ne. In ka kunyata ni a gaban iyayen yara, ni da kai ne.”

Da aka tashi, Malama Jan-Biro ta tare shi a baranda da wata takarda da ta rubuta da hannu. Ta ce, “Ɗan nan, karɓi. Ka san malamanmu kowa da yadda yake yin maki. Ni a kan sittin nake yi, mai Turanci a kan arba'in, mai zane a kan goma. Duk ga su nan na jera maka. Kafin ka danna komai, ka gaya wa na'urar kowane darasi a kan nawa yake.”

Ya karɓa da yatsa biyu kamar an ba shi tsumma. “Mama, zamanin biro ya wuce. Ita kwamfuta da kanta take ganewa.”

“To, Allah ya sa,” in ji ta.

Teburin kwamfutar ƙafarsa ɗaya ba ta kai ƙasa ba. Ya ninke takardar gida takwas ya cusa a ƙarƙashi, tebur ya daina rawa. Ya ce a ransa, yau dai tsohuwa ta yi abin amfani.

A hanyar gida ya tsaya ya sayi mariƙin makulli, ƙato, mai sarƙa, ya rataya a ƙugu ba makulli ko ɗaya a jiki. Matarsa tela ce, ya same ta a kan keken ɗinki tana kai da kawowa da ƙafa.

“Maman yara, ajiye kayan mutane. An ba ni ofis.”

Ta dakata. “An ba ka, ko za a ba ka?”

“Ke dai kin cika bin diddigi. Meye bambancin?”

“Bambancin shi ne abin nan da ke lilo a ƙugunka wayam yake.”

“Juma'a zai cika. Ki ɗinka min sabuwar riga, ki ɗinka wa kanki. Kuma ki gaya wa Baba ya zo da wuri ya zauna a gaba.”

Baban da yake nufi surukinsa ne, mahaifinta, tsohon magatakarda mai ritaya, kuma shugaban ƙungiyar iyaye ta makarantar, don babbar 'yar Danni-Ɗaya a nan take aji uku. Shekara goma sha biyar tsohon bai taɓa zaginsa ba, bai kuma taɓa yaba masa ba. In ya gama zuba, sai tsohon ya ce “Uhm,” ya ci gaba da karanta jarida. Wannan “uhm” ɗin ta fi mari ciwo a wurin Danni-Ɗaya, kuma ita yake so ya kashe ranar Juma'a.

Ranar Litinin aka ba shi aron ofis. Ya kunna fanka har ƙarshe, ya juya a kujera sau uku, sannan ya buɗe manhaja. Littafin bayanin da mutumin kamfani ya bari ya ɗaga shi ya ji nauyi, ya mayar. Ya ce bari ya fara gwada hannu kafin ya taɓa makin yara. Ya ƙirƙiri wani sabon aji, ya rasa sunayen da zai zuba, sai Shaiɗan ya raɗa masa wata dabara.

Ya rubuta sunansa cikakke, ya ba kansa ɗari a kowane darasi. A gurbin sharhin malami ya rubuta, “Haziƙi, irinsa sai an tona.” Ya rubuta sunan Malama Jan-Biro, ya ba ta sha biyu, ya ce, “Biro ya tsufa, a kai shi gidan tarihi.” Ya leƙa ƙofa ya ga ba kowa, ya rubuta sunan Shugaba har da na mahaifinta, ya ba ta bakwai. Sharhi: “Faɗa ya yi yawa, aiki kaɗan. Ta maimaita aji.” Daɗi ya kwashe shi, ya ƙara da sunan surukinsa, ya zuba masa sifili daga sama har ƙasa, ya rubuta, “Ba ya gane komai sai kuskuren mutane.” Ya yi dariya har da riƙe ciki, maigadi ya leƙo ta taga ya tambaya ko lafiya.

“Lafiya lau, Baba maigadi. Ilimi ne ke min daɗi.”

Talata ya zauna da takardun malamai ya zuba makin yara ɗari huɗu da sha biyu. Gaskiya a nan ya yi aiki, har yatsunsa suka sage. Kowane darasi akwai wani ɗan gurbi a sama da ke tambayar a kan nawa aka yi makin, an riga an sa ɗari a ciki. Ya dube shi ya ce, “Kashi cikin ɗari ake so, ga ɗari, me ya rage?” Ya danna. Firinta ta fara aman takardu, ya kwasa ya nufi ɗakin malamai yana tafiyar ƙasaita, ya zube su a tebur.

Kowa ya ɗauki tasa yana dubawa. Malamar Turanci ce ta fara magana.

“Malam, duka makarantar ce ta faɗi?”

Haka ne kuwa. Cikin yara ɗari huɗu da sha biyu babu wanda matsakaicin makinsa ya kai kashi arba'in. Malamin zane ya ɗago takardarsa. “Yaron da na ba goma a kan goma, ka ba shi kashi goma cikin ɗari? Yaron da ya zana maka taswirar da kake koyarwa da ita?”

“Ni na ba shi? Kwamfuta ce ta ba shi, ita kuwa ba ta san ɗan wane ba. Shekara da shekaru kuna yi wa yara alfarma, yau gaskiya ta yi halinta.”

“To kai naka darasin fa? Ga shi nan, ba wanda ya wuce talatin.”

Danni-Ɗaya ya leƙa. Ya manta shi kansa a kan talatin yake yin maki. Ya yi gyaran murya ya ce, “Ni ai da ma na san ba sa karatu.”

Malama Jan-Biro tana gefe tana feƙe fensir. Ba ta ɗago ba ta ce, “Ina takardar da na ba ka?”

“Tana nan, Mama, tana aiki sosai.”

Labari ya kai kunnen Shugaba, ta aiko a gaya masa kalma biyu: ya gyara.

Laraba ya zo da sassafe da shawarar da ya kwana yana taunawa. Tunda mai zane ne ya fi kowa ihu, kuma a kan goma yake yi, to a mai da ɗarin nan goma. Ya goge sifili ɗaya. Manhaja ta tambaye shi ko wannan darasin kaɗai za a canja ko duka darussan makaranta. Wa zai tsaya bi ɗaya bayan ɗaya? Ya danna duka. Wani jan rubutu ya fito yana gargaɗi, ya kore shi kamar ƙuda. Ya sake fitowa, ya sake korarsa.

Wannan karon da ya zube takardu, malamin zane ya duba nasa ya gyaɗa kai, komai daidai. Malamar Turanci kuwa sai da ta cire gilashi ta goge ta mayar.

“Kashi ɗari uku da tamanin cikin ɗari,” ta karanta a hankali. “Malam, a wace ƙasa ake yin haka?”

“A lissafi ga mai ɗari biyar da tamanin,” in ji wani.

“To ku kam me kuke so?” Danni-Ɗaya ya buɗe hannuwa. “Jiya kun ce yara sun faɗi, kuka hana ni shan ruwa. Yau sun ci, kun ce cin ya yi yawa. Wallahi ɗan Adam ba a iya masa.”

Malamin zane ya ce, “Ai sai a ba su shaidar gama jami'a su wuce gida. Wanda ya ci ɗari biyar me ya rage masa a sakandare?”

“Hassada ce ke cinka.”

“Ni da nawa ya yi daidai? Yau ni masoyinka ne, kar ka taɓa komai.”

Yara sun tsinci wata takarda da iska ta fitar ta taga. Kafin tashi, wani shaƙiyyin yaro ɗan aji biyu da bai taɓa wuce na ƙarshe ba yana zagaya fili a kafaɗar abokansa, wai ya ci ɗari da ashirin a Turanci. Shugaba ta zo da kanta ta tsaya a bakin ƙofar ofis. Ba ta shiga ba, ba ta zare gilashi ba, amma ta kai hannu ta taɓa shi.

“Saura kwana biyu,” ta ce, ta juya.

Alhamis gumi yake yi duk da fanka. Da mai hankali ne, da ya sunkuya ya zaro takardar nan daga ƙarƙashin tebur, minti goma ya ishe shi. Ta ma faɗo masa a rai. Amma zaro ta daidai yake da cewa tsohuwa ta fi shi, shi kuwa gara a mutu. Ya zauna ya yi nazari irin na masu raba gardama a kasuwa. An sa ɗari, an faɗi. An sa goma, an ci fiye da kima. To a raba ta tsakiya mana, kowa ya yi haƙuri. Ya rubuta hamsin, ya danna duka, ya kori jan rubutu.

Sai ga abin mamaki. Da ya buɗe shafin da ke nuna matsakaicin makin kowane aji, lambobi sun zauna kamar na mutanen kirki: wannan aji hamsin da biyu, wancan sittin da ɗaya, wancan arba'in da takwas. Ya daki tebur. “Na faɗa! Danni ɗaya ne!”

Saura haruffa. Ya cika A daga saba'in zuwa ɗari, ya bi da B da C da D har zuwa arba'in. Aka kaɗa ƙararrawar tashi, ga yunwa na cinsa. Da ya zo kan F, maimakon ya rubuta daga sifili zuwa talatin da tara, ya ga wani zaɓi da ke cewa duk makin da bai faɗa cikin na sama ba. Ya ce wannan ya fi sauƙi, ya danna. Ya buga shafin matsakaicin makin nan shi kaɗai ya kai wa Shugaba, ya same ta tana rigima da masu kawo kujerun haya. Ta duba a tsaitsaye.

“Wannan ya yi kama da gaskiya. Ka duba na kowane yaro?”

“Ɗaya bayan ɗaya, ranki ya daɗe. Ina ma da shawara. Gobe kar a tsaya karanto sunaye daga takarda kamar zamanin da. A haɗa majigi, a haska a bango, iyaye su ga ci gaba da idonsu.”

Ta ce to. Malama Jan-Biro tana wucewa da jakarta mai nauyi a kafaɗa, ta ji, ta ci gaba da tafiyarta.

Juma'a ɗakin taro ya cika maƙil, har da masu leƙe ta taga. Yara a baya, iyaye a gaba. Suruki yana kan babban tebur kusa da Shugaba, da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Matar Danni-Ɗaya tana layi na biyu cikin sabon ɗinki. Shi kuwa gogan yana gefen dandamali da kwamfuta, sabuwar riga sai ƙyalli take, sarƙar mariƙin makulli na lilo a ƙugu. Ba a ba shi lasifika ba, ya karɓa da kansa.

“Iyayena da 'yan'uwana, yau za ku ga abin da ba ku taɓa gani ba. Aikin da ake wata guda ana yi da biro, ni a zama ɗaya na gama shi. Ita wannan na'ura ba ta ƙarya, ba ta son kai, abin da mutum ya shuka shi take nuna masa. Duk abin da kuka gani a bangon nan, ni na tsaya masa. Ga zakaran makaranta gaba ɗaya!”

Ya zaɓi jerin duka makaranta, ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya danna.

Suna ya fito a bango da manyan haruffa. Ya juya wa bangon baya yana tafi, yana jiran yaro ya taso. Ba wanda ya taso. Wani ɗan guna-guni ya fara daga baya, ya gangaro gaba. Malamin zane ya miƙe ya karanta da ƙarfi, wai don masu raunin ido.

“Na ɗaya a makaranta, Malam da kansa! Kashi ɗari biyu cikin ɗari. Haziƙi, irinsa sai an tona. Harafi kuma, F!”

Ɗaki ya ɗauka da dariya. Danni-Ɗaya ya waiwaya, ya ga sunansa. Ajin gwajin nan na ranar Litinin bai goge shi ba, kuma duk canjin da ya yi ta yi ya bi ta kansa. Ɗarinsa a kan hamsin ta zama ɗari biyu, ɗari biyu kuwa ba ta cikin A ba ta cikin D, sai ta faɗa inda ya ce sauran su faɗa.

“Wannan gwaji ne! Gwaji ne kawai!” Ya kai hannu zai gusar da shafin, garin sauri ya ja da ƙarfi. Jerin ya zarce a guje, sunaye na wucewa kamar motoci, bai tsaya ba sai a can ƙarshe. Suna biyun ƙarshe suka zauna daram a tsakiyar bango, da sharhinsu.

Wannan karon malamin zane bai karanta ba, ko shi ya san inda wasa ya tsaya. Ba a ma buƙaci mai karantawa ba. Shugaba ta juya ta ga sunanta da na mahaifinta, kashi goma sha huɗu, faɗa ya yi yawa, aiki kaɗan, ta maimaita aji. A ƙarƙashinta, na ƙarshe a duk makarantar, shugaban ƙungiyar iyaye ne da sifilinsa.

Tsohon ya laluba aljihu ya ɗauko gilashinsa, ya sa, ya karanta a nutse tun daga farko har ƙarshe, leɓɓansa na motsi. Ya cire gilashin ya ninke.

“Uhm,” in ji shi.

Danni-Ɗaya ya ji da ma ƙasa ta tsage. Ya rufar wa kwamfuta da hannu biyu yana danna duk abin da ya samu, ko Allah zai sa ta mutu. Wani akwati ya fito yana tambayar ko ya tabbata. Tun Laraba ya saba korar irin waɗannan, ya danna eh bai karanta ba.

Ana wata ga wata. Waya ɗaya ta yi ƙara a layin gaba, wata ta amsa a baya, sai ɗakin gaba ɗaya ya kaure da ƙarar saƙo. Ya aika wa kowane uba da kowace uwa sakamakon ɗansu.

“Zane kashi goma sha shida? Yaron da ya cika min bangon gida da zane?”

“Ni tawa ta ci ɗari da huɗu a lissafi, an ce ta faɗi!”

“To ni nawa da ya ci saba'in an ba shi A. Ke nan gara kar yaro ya yi ƙoƙari da yawa?”

Wani mai faci da ya zo da kayan aikinsa a jiki ya ɗaga waya sama yana tambaya ko wanda ya wuce ɗari za a ba shi canji. Ana cikin haka matar Danni-Ɗaya ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, amma sai da aka yi shiru.

“Malam, 'yarka ta ci hamsin da takwas a kan sittin a lissafi, ni ta nuna wa takardar. Ga shi nan ka ba ta ɗari da sha shida, ka ba ta F. Yarinyar da ko tsintsiya ba na bari ta ɗauka in tana bitar lissafi. 'Yar cikinka!”

“Maman yara, a gida za mu yi wannan maganar.”

“A bango ka fara ta, a nan za a gama.”

Shugaba ta zare gilashi. Malamai suka sunkuyar da kai, don sun san abin da ke tafe. Ta tako a hankali ta karɓi lasifika daga hannunsa.

“Malam, tambaya ɗaya zan yi maka, ni mai kashi goma sha huɗu. Yaro ya ci sha biyar a kan ashirin. Kashi nawa ke nan cikin ɗari?”

Ya juya wajen kwamfuta. Ta sa ƙafa ta fizge wayar wuta daga bango, majigi ya mutu.

“Da ka,” ta ce.

Ya dubi rufi. Ya dubi yatsunsa.  “Ranki ya daɗe, ai ya danganta.”

“Da me?”

“Da... yanayin yaron.”

“Saba'in da biyar!” Matarsa ce ta faɗa daga inda take tsaye. “Ko a yadi, in an yanke uku cikin huɗu an san abin da ya tafi.”

Yaran baya suka ɗau tafi da fito, sai da maigadi ya buga sanda a ƙofa. Shugaba ta juya wajen Malama Jan-Biro, muryarta ta sauka. “Malama, ko akwai abin da za a iya yi?”

Dattijuwa ta buɗe jakarta mai nauyi ta ciro baƙin littafin nan. Tun Litinin take zama a ɗakin malamai mai zafi tana haɗa sakamako da hannu, kowane darasi a kan makinsa, ta mai da shi kashi cikin ɗari, ta sa harafi da jan biro. Ba wanda ya sa ta. Ta hau dandamali tana dafa gwiwa, ta fara kiran sunaye, taro ya koma kan hanya. Kyautar lissafi 'yar Danni-Ɗaya ce ta ɗauka da kashi casa'in da bakwai, kakanta ne ya miƙa mata. Ubanta na tsugune a bayan labule yana naɗe wayar majigi, ya naɗe ya warware ya sake naɗewa har aka watse.

Bayan mako guda mutumin kamfani ya zo. Malamin zane ya zauna kwana biyu yana saurare yana rubutawa, ya tambayi inda takardar Malama take. Maigadi ne ya tuna ya taɓa ganin wani abu fari a ƙarƙashin ƙafar tebur. Aka zaro ta, aka warware, aka zuba wa kowane darasi makinsa, kafin shayin mutumin kamfani ya huce sakamako ya fito daidai da baƙin littafi, ba bambancin maki ɗaya. A ranar Shugaba ta damƙa wa malamin zane makullin ofis. Mariƙin mai sarƙa kuwa matar Danni-Ɗaya ta karɓe, ta rataya makullin akwatin zarenta.

Shugaba ba ta kore shi ba. Ta ce tunda shi ya kawo shawarar maimaita aji, ba za a bar shawara mai kyau ta tafi a banza ba. Kullum ƙarfe takwas na safe zai shiga aji ɗaya ya zauna a bencin baya, ya ɗauki darasin lissafi wurin Malama har ƙarshen shekara. Ya gaya wa masu shago na bakin tasha wai an naɗa shi mai sa ido a kan koyarwa.

Ranar da aka yi gwajin farko Malama ta raba takardu, ta zo kansa ta ajiye tasa a kife don kar yara su gani. Ya ɗaga gefe. Tara a kan ashirin, da jan biro.

“Kashi nawa ke nan, ɗan nan?” ta tambaya a hankali.

Ya ɗauki fensir, ya yi ta fama, ya goge, ya sake. Ta bangon ajin yana jin ƙarar fankan ofis tana juyawa a kan malamin zane. Can ya ɗago.

“Arba'in da biyar.”

“Daidai.”

Da yamma ya shiga gida ya tarar da surukinsa zaune a tsakar gida da jarida, matarsa na kan keke. Ya so ya wuce sum-sum, amma halin mutum jarinsa. Ya durƙusa ya gaida tsohon, ya zaro takardar ya miƙa.

“Baba, arba'in da biyar. Da kaina na lissafa. Ya ninka na Shugaba sau uku har da ɗoriya.”

Tsohon ya sa gilashi ya duba lissafin layi-layi, ya ga ba kuskure. Ya miƙa masa takardarsa, ya ɗauki jarida.

“To,” ya ce, “ka fi ni dai. Ni sifili gare ni.”